Ermete da Akwatin Ƙarƙashin Tebur

Ermete Gamberini direban bas ne har ya yi ritaya. Tun ranar da ya saki sitiyari hannuwansa suka koma baya, ɗaya riƙe da ɗaya, ba sa zuwa gaba sai in an zuba abinci. Haka yake tafiya ƙarƙashin rumfunan titunan birninmu Bolonya, haka yake tsayawa kan masu haƙa rami a titi yana gaya musu inda suka yi kuskure. Gida ɗaya muke, shi da matarsa Nives a hawan sama, ni a na ƙasa. Na san takunsa, na san tarinsa.

Mutum ne da bai tara komai ba. Ba mota, ba gida a bakin teku, ba lambar yabo a bango. Abin da yake da shi guda ɗaya ne, kuma duk unguwa ta sani: Sinyora Iole tana sunkuya masa.

Iole mai kayan lambu ce a tsohuwar kasuwar da ke bayan babban dandali. Abin da ta jera a kan tebur na kowa ne, kuma ba shi da laifi. Amma ƙarƙashin tebur, bayan wani labulen buhu, akwai akwati. Ban taɓa ganin cikinsa ba. Ni ɗan kan tebur ne, na daɗe da haƙura. Wanda ya kai matsayin, in ya zo, Iole za ta dube shi, ta tambayi abin da za a dafa, sannan ta dafa ƙugu ta sunkuya. Akwai wani lauya a layinmu da ya rasu bai ga wannan sunkuyon ba.

Ermete ya fara sayayya wurinta 'yarsa tana rarrafe. Sai da yarinyar ta yi aure Iole ta sunkuya masa. Ranar ya saya mana kofi mu duka a shagon kwana. Ermete ba ya saya wa kowa kofi.

Dokar wurin ba ta da wuya. Ba a taɓa kaya. Ka nuna da haɓa, ita ta zaɓa. Matar wani likitan haƙori ta taɓa matsa tumatir da babban yatsa, sau ɗaya, tana hira. Yanzu a babban kanti take sayayya, da keken tura kaya. Ta ce ta fi son can. Muka ce mun yarda. Wanda kuma ya kawo baƙo, laifin baƙon a kansa yake.

To, a ƙarshen bazarar nan, lokacin da ɓaure ya nuna, sai ga Gualtiero.

Ƙanen Nives ne. Tun yana saurayi ya tafi Jamus aikin kamfanin firiji, ya zauna can. A Jamus, inda yake sayayya, mutum yana ɗaukar abu ya juya shi, ya shinshina, ya mayar, ba wanda zai ce masa kanzil. Ko can ya koya ko da shi aka haife shi, ban sani ba, amma Gualtiero ba ya ganin abu sai da hannu. Ranar da ya sauka, a kan matakala, ya ja min kumatu, ya shafa kwalar rigata ya tambayi inda na saya, ya ƙwanƙwasa bango ya ce ruwa ya shige shi.

Washegari da safe Ermete ya buga min ƙofa. Bai ko taje gashi ba.

"Amilcare, na shiga uku."

"Wa ya mutu?"

"Da ma mutuwa ce. Mutumin nan ya ce yau zai zaga gari ya ga inda ya baro, daga nan ya shiga kasuwa ya sayo cefane da kansa, ya dafa wa yayarsa abinci. Da kansa, Amilcare. Ka ga hannuwansa?"

"Na ji su a fuskata."

"Iole tana naɗe kaya da rana ta raba. In muka riƙe shi a waje har lokacin, gobe Lahadi ba kasuwa, jibi jirginsa. Sa takalmi."

Na ce masa ai sai ya gaya wa mutumin kawai kada ya taɓa. Ya dube ni kamar na ce a gaya wa ruwa kada ya gangara.

Dabararsa biyu ce. Ta farko, kada hannun Gualtiero ya zauna fanko. Ta biyu, a gajiyar da shi. Saboda ta farkon ya ɗauko jakar cefanen Nives ya jefa tsohon dutsen gugarta a ciki, irin na ƙarfen nan mai nauyin jariri.

Nives ta leƙo daga kicin. "Ina za ka kai min dutsen guga?"

"Wurin mai gyara."

"Me ya same shi?"

"Shi mai gyaran zai gaya mana."

Ta dube shi, ta dube ni. Ni ina kallon hoton da ke bango.

Muka fito. Ermete ya miƙa wa Gualtiero jakar, wai bayansa na ciwo. Ɗaya hannun kuma ya cusa masa lema, alhali ko ɗigon gajimare babu a sama. Ba mu kai ƙarshen layi ba Gualtiero ya maƙale lemar a hammata, ya shafa kan wani kare, ya gwada ƙarfin wata ƙofa, ya murɗa madubin babur ɗin wani ya duba haƙoransa.

"Askirim!" in ji Ermete. "Suruki, ba za ka zo garinku ka koma ba ka sha askirim ba."

"Yanzu fa muka karya."

"A nan haka ake yi yanzu. Ka daɗe ba ka nan."

Aka sayo. Gualtiero ya gama da shi kafin mu tsallaka titi. Aka sayo na biyu. Na uku sai Ermete ya roƙi yarinyar shagon ta ba da wanda ya fi daskarewa. Gualtiero ya ce shi kam ya ƙoshi, ya miƙa min. Ni ba na musu da baƙo.

A babban dandali muka tsaya gaban gunkin nan mai mashi da ke tsakiyar ruwa. Gualtiero ya ajiye jakar, ya buɗe hannuwa.

"Allah Sarki! Yana nan yadda na bar shi. Ermete, wa ma ya sassaƙa shi?"

"Wani mutum."

"Wane mutum?"

"Ya mutu. Ɗauki jakarka, akwai ɓarayi."

Gaskiyar magana, Ermete ya san garin nan ta gilashin gaban bas ne. Ya san inda titi ya lotsa, ya san fitilar da take daɗewa a ja. Abin da ke sama da rufin bas bai taɓa ɗaga kai ya gani ba. A cikin babban coci ya tsaya baki buɗe yana kallon sama.

Ya raɗa min, "Tun yaushe suka yi wannan?"

Na ce ya ɗan kwana biyu.

Kafin ya sauko da kansa, Gualtiero ya shafa ƙafar gunkin wani waliyyi, ya latsa kyandir ya ji ko na gaske ne, ya kama hannun rigar wani fada, limamin cocin, yana tambayarsa ko ulu ne. Fadan ya ce auduga ce. Suka rabu lafiya.

Daga ƙofar cocin ana hango bakin layin kasuwa. Iska ma ta kaɗo ƙanshin cuku da ganyen miya. Gualtiero ya ɗaga hanci, ƙafarsa ta juya da kanta.

Ermete ya sha gabansa. "San Luka! Suruki, ka manta da cocin kan tudu? Marigayiya surukata kullum tana cewa, in Tiero ya dawo a kai shi San Luka. Da ƙafa."

"Mama ta ce haka?"

"Da ƙafa, ta ce. Ta maimaita."

Idon Gualtiero ya ciko. Ni na san tsohuwar, ban taɓa jin ta ambaci wani tudu ba, amma wataƙila lokacin ina bayi.

Doguwar rumfar nan da ke hawa zuwa San Luka, wanda ya hau ta ya sani. Ermete ya yi shekaru yana sauke fasinja a gindinta. Yana ganinsu suna hawa suna dariya, bai taɓa tsayawa ganin yadda suke saukowa ba.

Da farko shi ne a gaba, hannu a baya, yana ba da labarin wani kwandasta. Da hawan ya miƙe, labarin ya fara yankewa. Can ya ƙare gaba ɗaya, ba mu ji abin da ya sami kwandastan ba. Gualtiero kuwa, ashe a Jamus hawan dutse yake yi duk ƙarshen mako, da wata ƙungiya ta tsofaffi masu sanduna. Yana tafe yana lilo da dutsen guga kamar jakar burodi, yana shafa kowane ginshiƙi.

Wajen rabin hanya Ermete ya zauna a kan dakali. Fuskarsa ta yi ja kamar an dafa.

"Ba gajiya na yi ba," in ji shi. "Ina kallon gari ne."

Bango yake fuskanta.

Gualtiero ya dafa masa kafaɗa. "Kai tsoho, yayata ta kashe ka da taliya. Ku huta. Bari in haura in kunna wa Mama kyandir in dawo. Riƙe min wannan."

Ya ɗora masa jakar a cinya, ya ɗora lemar a kai, ya haura yana fito.

Ermete ya numfasa, ya yi murmushi. "Ka gani? Kafin ya kai, ya yi addu'a, ya sauko, Iole ta tafi gida. Kai, Amilcare, ni fa da na yi karatu da janar na zama."

Muka zauna. Iska mai daɗi, tattabaru, wata mata tana gudun motsa jiki da kare. Har na fara gyangyaɗi. Sai muka ji ƙararrawa, ƙilin ƙilin, daga sama. Ɗan jirgin ƙasan nan ne mai tayar roba da ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido daga kan tudu ya sauke su a dandali. Ya gangaro ta titin da ke gefen rumfa. A kujerar baya, tsakanin wasu mata biyu masu manyan huluna, ga Gualtiero, hannuwa biyu fanko, yana ɗaga mana su duka.

"Na samu mota! Ku taho a hankali! Mu haɗu a kasuwa!"

Ban san Ermete yana iya gudu ba. Ina jin shi ma bai sani ba. Ya gangara tudun nan, jaka tana dukan gwiwarsa, ni ina biye da lema. A gindin tudu muka sami bas. Ermete ya tsaya a bayan direban, wani matashi mai ɗan kunne, yana huci a wuyansa.

"Taka mana, ɗana! Wannan fitilar in ta yi ja sai gobe."

"Baba, koma ka zauna."

"Ni na tuƙa layin nan kafin a haifi ubanka!"

"To ai shi ya sa ka gaji. Zauna."

Wata tsohuwa ta tambaye ni ko asibiti za mu. Na ce kusan haka.

Da muka shigo layin kasuwa cunkoso ya yi yawa. Mai kifi yana watsa ruwa, mai cuku yana yanka, jama'a kafaɗa da kafaɗa. Ermete yana kutsawa yana cewa a gafarce shi. Can daga nesa, ta tsakanin kawunan mutane, muka hango teburin Iole. Ba ta naɗe ba. A gaban tebur ga faffaɗan tire na ɓaure, baƙi, nunanne, irin wanda ko kallo mai ƙarfi yana fasa shi. A saman tiren kuma ga hannun Gualtiero, yatsu a buɗe, yana sauka a hankali.

Ni da nake baya na ga wani abu da Ermete bai gani ba. Iole ta cire tabarau. Ta kuma tura gashinta bayan kunne. Tun da nake zuwa kasuwar nan ban taɓa ganin kunnen Iole ba.

Na buɗe baki in yi magana. Ni ba mai saurin magana ba ne.

"Tiero, kar ka taɓa!"

Ermete ne ya kurma ihun, ya yi tsalle don ya kama hannun. Da ya kama shi, da shi ke nan. Amma jakar tana rataye a wuyan hannunsa, dutsen guga ya yi gaba, ya ja mai shi. Gualtiero ya goce. Hannuwan Ermete biyu, waɗanda suka yi shekaru a baya ba su ɓata wa kowa rai ba, suka nutse cikin ɓauren Iole har wuyan hannu.

Kasuwa ta yi tsit. Mai kifi ya kashe famfo. Wani ɓaure ɗaya ya gangaro ya faɗi ƙasa, kowa ya ji faɗuwarsa.

Iole ta mayar da tabaranta. Ta dubi tiren, ta dubi hannuwan, ta bi su da ido har zuwa fuskar mai su.

"Sinyor Gamberini," in ji ta.

Rabon da ta kira shi da sunan gidansu tun kafin auren 'yarsa.

"Sinyora Iole, ni... shi ne zai taɓa. Hana shi na zo yi."

"Ni na ce ya zaɓa."

"Ke kika ce?"

"Kaya nawa ne ko naka?"

Gualtiero ya yi dariya, ya buga bayan Ermete. "Haba suruki! Iole ce fa. Tare muka yi rawa a bikin unguwa kafin in tafi. Ta taka min ƙafa har na yi sati ina ɗingishi."

"Kai ka taka tawa, maƙaryaci," in ji Iole. Muryar ba irin wadda take sayar da albasa da ita ba ce.

Ermete yana nan tsaye, bai cire hannuwan ba. Ina jin bai san inda zai kai su ba. Iole ta yago takarda ta miƙa masa da yatsu biyu.

"Tiren naka ne yanzu, Sinyor Gamberini. Ka dawo min da shi a wanke. Wannan kuma mene ne a jaka?"

"Dutsen guga."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta juya ga Gualtiero, ta tambaye shi me zai dafa wa yayarsa. Ya faɗa. Ta dafa ƙugu, ta sunkuya. Ranar farko. Ermete ya rufe ido.

Haka muka koma gida ta ƙarƙashin rumfuna. Gualtiero a gaba da cefane yana waƙa, Ermete a tsakiya ɗauke da tiren fasasshen ɓaure, ƙudan zuma suna rakiya, ni a baya da lema da dutsen guga. Nives ta buɗe ƙofa ta ƙare mana kallo.

"An gyara?"

Na miƙa mata. Na ce mai gyaran ya ce lafiyarsa ƙalau.

Gualtiero ya iya girki, wannan ba a hana shi. An gayyace ni. Ermete ya ci, kansa a ƙasa, ya ƙara, ya suɗe kwanon da burodi. Da surukin ya tambaye shi ya ya ji tumatirin, ya ce ya san shi.

Jirgi ya tafi da Gualtiero. Ermete ya wanke tire ya mayar. Aka karɓa, aka ba shi tumatir daga kan tebur, gefen da rana take bugawa. Muka zama layi ɗaya ni da shi. Ban nuna masa na lura ba.

Oreste, mai teburin da ke fuskantar na Iole, ya fara yi masa kirari duk safiya. "Sinyor Ermete! Zo nan, ɗan'uwa. Wurina taɓa abin da kake so. Matsa, shinshina, ka ciza ma in ka ga dama."

Ermete ya tsaya ya dube shi sama da ƙasa. "Ni ba irin waɗannan mutanen ba ne."

Abin da ya fi ƙona masa rai a gida yake. Nives ta ce ita ba ta ji wani bambanci a miya ba. Ya sauko wurina ya zauna, ya ce shekara da shekaru ashe da baƙuwa yake zaune.

Ɓauren nan kuwa Nives ba ta zubar ba. Ta dafa shi da sukari da ɓawon lemo, ta ɗura a kwalabe, abin shafa wa burodi. Ta ba maƙwabta, ta ba ni, ta aika wa fada. Da sanyi ya fara shigowa saura kwalba ɗaya. Wata safiya na ga Ermete ya sa rigar zuwa coci, ya ɗauki kwalbar. Na sa takalmi na bi shi, don ina da buƙatar latas.

Ya jira layi ya zo kansa. Ya ajiye kwalbar a bakin tebur, inda ba ta taɓa komai ba, ya mayar da hannu baya.

"Kayanki ne, Sinyora. Sun ɗan canza kama."

Iole ta buɗe, ta lakata da bakin wuƙa, ta ɗanɗana. Ta daɗe tana juya shi a baki.

"Sukari ya yi yawa."

"Zan gaya mata."

"Kar ka gaya mata. Shi wancan sarkin taɓe-taɓen, ya isa lafiya?"

"Ya isa. Ya ce a gaishe ki."

Gualtiero bai ce a gai da kowa ba, ina wurin aka yi wayar. Amma kunnena ba kamar da ba.

"Me za a dafa?"

"Miyar wake."

Ta ɗebo karas daga kan tebur. Ta ɗebo ganye daga kan tebur. Tumatir ma daga kan tebur. Sannan ta tsaya. Ta dafa ƙugu. Mai kifi ya leƙo, Oreste ya daina ihu. Ta sunkuya, labulen buhu ya motsa, ta ɗago da albasa guda ɗaya. Ta jefa ta cikin jakar.

"Na gaba," in ji ta.

Ermete ya rungume jakar har muka fita layin. A shagon kwana ya fito da albasar ya ɗora kan kanta, ya bar mutane suka kalla. Wani ya miƙa hannu, ya buge hannun. Ni dai albasa na gani, amma ni ɗan kan tebur ne, ba lallai in gane ba.

Ranar, miyar wake babu albasa aka yi ta. Ya hana Nives yankawa. Tana kan kabad ɗin falo, cikin ɗan faranti, kusa da hoton aurensu. Shekaranjiya da na hau na ga ta fitar da tsiro kore, ya kai tsawon yatsa. Nives ta ce ranar da ya fita kallon masu haƙa rami za ta soya ta da ƙwai. Rabonsa da fita kallon rami ke nan.